A gyara dokin ƙofa kafin damina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda yake da mai hawa keken guragu a gida, musamman mu na ƙauyukan Ringim da Taura, ya duba dokin ƙofarsa tun ruwa bai sauka ba. Muna ɗaga shi ne don kada ruwa ya shigo, amma shi ke tsare bawan Allah a ɗaki sai an zo an cicciɓe shi, kuma babba ba ya son haka.

Kada a rushe shi. A yi masa gangara ciki da waje da marmara, a daɓe sosai, in da hali a zuba siminti. Ga ma'auni: duk inci 1 na tudu, ƙafa 1 ta tsawo. Mai inci 6 sai gangara ƙafa 6. Magina kan gajarta ta don tattalin siminti, sai keke ya riƙa komawa da baya, don haka a tsaya a kansu. Tun simintin yana ɗanye a ja masa tsintsiya, kada ya yi santsi.

A tuntuɓi liman ma, ƙofar masallaci tana buƙatar irinta.