Yadda ake sanya linkis a hannun rigar zuwa aiki

Maɓallin hannun riga da teloli ke kira linkis ɗan ƙaramin abu ne, amma idan mutum ya miƙa hannu zai gaisa ko zai sa hannu a takarda, a kansa ido yake fara sauka. A Kaduna ma'aikatan banki da lauyoyi suna sanya shi da farar riga a ƙarƙashin kwat, masu kaftanin shadda kuwa sun daɗe da mayar da shi nasu.

Daga wurin tela ake farawa, kuma a nan ne akasari ake yin kuskure. Hannun da zai karɓi linkis ba a ɗinka masa maɓalli, ƙofa ake buɗe masa a kowane gefe. Idan irin hannun Faransa ne mai ninki biyu, ƙofofin huɗu ne, kuma wajibi ne su hau kan juna daidai idan an naɗe. Saboda haka idan ka kai ɗinki Kasuwar Barci ko wurin telan unguwarku, ka gaya masa tun farko, ka roƙe shi ya ƙarfafa bakin hannun domin kada ya lanƙwashe, sannan ya auna wuyan hannunka da agogonka a ɗaure. Na sha ganin shadda mai tsada da ƙaramin ganganci irin wannan ya rage wa kwarjini.

Wajen sayen linkis, ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko a kanti, ka juya 'yar ƙafar da ke bayansa sau biyu ko uku. Idan ba ta tsayawa da ƙarfi, bar shi, domin zai zame a hanya. Launinsa ya dace da na agogo, kuma ga ofis mara ado da yawa ya fi mutunci. Namiji Musulmi ya nisanci na zinariya, ya nemi na azurfa ko na ƙarfe. Mace tana da damar sanya na zinariya, sai dai ta zaɓi ƙarami mai santsin baki, domin mai duwatsu da tsini yana kama mayafi ya ja zarensa.

Bayan an sa riga, sai a naɗe hannun idan mai ninki ne, a haɗa bakunansa biyu ciki da ciki kamar an haɗa tafukan hannu, ba a ɗora ɗaya kan ɗaya kamar na maɓallin da aka saba ba. A miƙar da ƙafar linkis ɗin, a zura ta daga gefen bayan hannu har ta ratsa dukkan ƙofofin, sannan a juya ta ta gicciye. Idan ka sauke hannunka, fuskar adon ta kalli waje. Mai kwat ya bar kimanin santimita 1 na hannun riga ya leƙo.

Saura batun alwala, wadda ba ta yiwuwa sai an naɗe hannu zuwa sama da gwiwar hannu. Idan lokacin Azahar ya yi, ka cire linkis ɗin duka biyu tun kana ofis ka jefa a aljihun gaba, kada ka ajiye su a bakin famfon masallaci, inda ɗaya ke gangarawa cikin magudana. Da yamma kuma a goge su da busasshen ƙyalle, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke shiga maɗaurin ƙafar, a mayar da su cikin akwatinsu tare.