Darasi Na Tara: Yadda Ake Gane Manifol Ɗin Da Ya Dace Da Injin Tsohuwar Mota

Injin mota yana da manifol biyu. Ɗaya yana shigar da iska, ɗaya yana kwashe hayaƙi zuwa salansa. Na hayaƙi galibi baƙin ƙarfe ne mai tsatsa. Darasinmu a kan na iska ne. A tsofaffin motoci da alminiyum ake zuba shi, fari-fari ne, ba shi da nauyi, kuma yana ɗaure a jikin tof silinda. Aikinsa shi ne ya raba iska, ko iska da fetur, ga kowace silinda daidai wa daida. Idan rabon ya karkace, inji ya kama rawa ke nan.

Inda mutane suka fi yin asarar kuɗi shi ne sayen manifol da sunan mota. Mutum zai shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ya ce a ba shi na Golf 3, a miƙo masa, ya koma gareji ya tarar bai hau ba. Golf 3 ɗin da aka fara ƙerawa a 1991 ta fito da injina iri-iri, kowane da nasa manifol. Ga shi kuma da yawa daga tsofaffin motocin da ke yawo a Kano an riga an sauya musu inji da na Baljiyam, ba wanda suka zo da shi ne a ciki ba. Saboda haka da lambar inji ake saye.

Iri uku da za ka riƙa haɗuwa da su

Na farko shi ne na kafireta. Gajere ne, yana da shimfiɗaɗɗen wuri a sama inda kafireta ke zama, da rami ɗaya ko biyu a tsakiya. Fetur da iska tare suke bi ta cikinsa. Shi za ka gani a Hiace mai injin 1RZ, da Corolla mai 2E ko 4A-F, da yawancin Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da Golf 2 mai kafiretar Pierburg 2E2.

Na biyu shi ne na injekta mai nozul ɗaya, kuma shi ya fi ruɗa ɗan koyo. Daga nesa ba ka raba shi da na kafireta, domin nozul ɗin yana zaune ne a sama, inda kafireta ta saba zama, fetur kuma yana bi ta cikin manifol ɗin. Wayoyin da ke shiga kansa su za su nuna maka. Injinan Golf 3 masu lamba AAM da ABS da ADZ irin wannan ne, haka RP na Golf 2.

Waɗannan biyun suna buƙatar ɗumi. Dalili kuwa, yayin da fetur ke zama tururi yana zuƙe zafin ƙarfen da ke kusa da shi. Idan manifol ya yi sanyi, fetur ɗin sai ya kwanta a bango ɗigo-ɗigo, ya kasa bin iska. Shi ya sa aka yi musu hanyar ruwan lagireto a ciki. Na VW, wato kamfanin da ke ƙera Golf, har da wata na'urar ɗumama ta lantarki a ƙasansa, mai ƙayoyi kamar bayan bushiya. A garejinmu an saba toshe hanyar ruwan nan da zarar bakinta ya ruɓe, a ce ai Kano gari ne mai zafi. A watan Afrilu ba za ka ga illar ba. Amma da asubahin hunturu mota za ta yi ta shaƙewa, ta sha mai fiye da ƙima. A Pierburg 2E2 abin ya fi muni, domin da zafin ruwan take gane inji ya ɗumama ta sauke silo, wato gudun inji lokacin da ba a taka totur ba. Ka yanke mata ruwa, silo zai tsaya a sama duk yini. Gyaran gaskiya shi ne a sauya bakin da ya ruɓe.

Na uku shi ne na injekta mai nozul a kowace silinda, irin na 4A-FE da 4E-FE na Toyota. Iska kawai ke bi ta cikinsa. Yana da babban ɗakin iska, da dogayen ƙafafu masu lanƙwasa, da ramukan nozul dab da tof silinda. Tsawon ƙafafun ba ado ba ne, shi ke ƙara wa inji ƙarfin ja lokacin da bai hau gudu ba. Sai dai a kula: a wasu injinan VW, kamar na Golf 2 GTI, nozul ɗin a jikin tof silinda suke zama, manifol ɗin ba shi da raminsu.

Karanta lambar inji

Lambar tana buge a jikin bulok, a wani ɗan shafaffen wuri. Ka goge da burushin waya da ɗan fetur, ka haska da tocila, ka rubuta a takarda harafi-harafi. A VW akan sami takarda a manne a murfin bel ɗin taimin, amma ta bulok ta fi tabbas, domin murfi ana iya ɗauko shi daga wata mota. A Toyota, harafin E da ya zo bayan ɗan layi yana nufin injekta: 1RZ kafireta ce, 1RZ-E injekta, 4A-F kafireta, 4A-FE injekta. Akwai kuma tarko ɗaya. Toyota tana da inji mai suna 2E na lita 1.3, VW ma tana da 2E na lita 2.0, kuma babu abin da ya haɗa su. Dole ka faɗi kamfani tare da lamba. Ka ce wa mai shago: "Alhaji, manifol nake so na Golf, injin ABS, mai nozul ɗaya. Ga tsohon nan mu gwada."

Gwadawa a kasuwa

Kada ka tafi hannu biyu. Ka ɗauki tsohon manifol da tsohon gaskit. Idan gaskit ya yage, ɗora kwali a fuskar tof silinda, ka bi da babban yatsa kana dannawa har ramuka su fito a jikinsa.

Fara da fuskar da ke mannewa da inji. Ɗora gaskit a kai. Kowane ramin iska, da na noti, da na ruwa sai ya faɗa daidai. Ramin da ya ɗara ɗan'uwansa girma ko ya goce gefe yana barin tudu a hanyar iska, ko ya bar gaskit ba inda zai kama. Daga nan ka duba lambar da aka zuba a jikin ƙarfen. Ta VW lambobi tara ce, sau da yawa da harafi ɗaya ko biyu a ƙarshe, kuma wannan harafin na iya zama shi ne bambancin wani iri da wani.

Sai ka ƙirga bakunan tiyo: babban da ke zuwa ga tulun birki, ƙananan na distiributa da na numfashin inji, da na ruwa. Wanda ya ɗara naka baki ɗaya yana iya yin aiki, muddin ka rufe rarar da murfin roba mai kamawa. Wanda ya gaza naka kuwa ka ajiye shi. Ka auna tazarar kusoshin mazaunin kafireta, ka kuma tabbatar maƙalin wayar totur yana gefen da naka yake.

Na ƙarshe, lafiyar ƙarfen. Ɗora miƙaƙƙiyar rula ta ƙarfe a fuskarsa, a tsaye da kuma a karkace, ka zura ma'aunin tazara a ƙarƙashi. Idan na milimita 0.2 ya shige, fuskar ta lanƙwashe, sai an kai ta wajen masu injin gyaran fuska. Duba kunnuwan noti ko akwai tsaga, ka kuma juya noti da hannu a kowane rami ka ji ko zaren yana nan.

Masu mayar da injekta kafireta

Ana yawan yin haka a nan, musamman a motocin haya. Sauya manifol rabin aikin ne. Kafireta tana son matsin mai da bai wuce bar 0.3 ba (bar shi ne ma'aunin matsi). Famfon mai nozul ɗaya yana aiki a wajen bar 1, na mai nozul huɗu kusan bar 3. Idan aka bar tsohon famfo, mai zai rinjayi allurar kafireta ya yi ambaliya a kan inji mai zafi, kuma ta haka mota ke kamawa da wuta. Dole a sauya famfo ko a sa na'urar rage matsi mai hanyar mayar da rara tanki.

Ɗaurawa

Cire kan batir, ka zubar da ruwan lagireto. Cusa tsumma mai tsabta a ramukan tof silinda kafin ka kankare tsohon gaskit, kuma ka ƙirga tsummokin lokacin cirewa. Sa sabon gaskit. Kada ka lafta gam, domin fetur yana cinye shi, ragowarsa kuma ta faɗa ciki. Ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, wannan ɓangare sannan wancan, a zagaye biyu ko uku. A irin waɗannan injina ƙarfin ɗaurin yana tsakanin Nm 19 da 25 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaure noti). Wanda ya sa wa sifana bututu zai tsinke zaren alminiyum.

Tayar da inji ka saurara. Idan iska na satar hanya, silo zai yi sama ko ya riƙa hawa da sauka, za ka ji sauti kamar ana tsotso, filogin silindar da abin ya shafa kuma zai yi fari. Sa bakin tiyo a kunne, ka bi haɗin da ɗaya bakin har ka kai inda sautin ya fi ƙarfi. Ko ka fesa ruwa kaɗan a wurin, idan muryar inji ta sauya ka samu. A Golf, fara da robar da ke ƙarƙashin kafireta ko injekta, domin ita ta fi yawan tsagewa. Birki ya yi tauri, duba babban tiyo. Farin hayaƙi da raguwar ruwa kuwa suna iya nufin ruwa na zuba cikin manifol, don haka a duba nan kafin a sauke tof silinda.

Aikin gida

Nemi izinin maigidanka ka duba injina uku a gareji. Rubuta lambar kowane, da irin manifol ɗinsa, da adadin bakunan tiyonsa. Ka zo da kwalin da ka danna a fuskar tof silinda guda, za mu gwada shi da na 'yan aji.