Yadda Ake Sa wa Kayan Gwanjon Intanet Inshora da Neman Diyya Idan Sun Iso a Lalace

Wasu daga cikin wayoyi da kwamfutocin da ake jerawa a gilasan Banex Plaza a Wuse 2, da wasu kayan gyaran mota na Apo, a gwanjon intanet aka ciwo su, a eBay da ire-irensa. A tara su a wani sito a Amurka ko Ingila, jirgi ya sauke su a Legas ko nan Abuja. Sana'a ce mai rufin asiri, sai dai wuri ɗaya ake yawan tafka asara: kaya ya iso a fashe, mai sayarwa ya ce lafiya lau ya turo, ejan da ke maka jigilar kayan ya ce haka ya karɓa, mai kuɗi ya rasa wanda zai kama. Abin da ke min ciwo shi ne da yawan wannan kuɗin yana dawowa, in dai an riƙe shaida kuma an yi magana cikin wa'adi.

Mataki na farko: san zangon da kayanka zai yi

Kafin ka taya komai, lissafa hannayen da kayan zai ratsa. Daga mai sayarwa zuwa siton ejanka zango ne. Daga sito zuwa Najeriya wani zango ne. Daga ofishin ejan zuwa shagonka ko hannun wanda za ka sayar wa, na uku ke nan. Kowanne da mai ɗaukar alhakinsa, kuma kariyar wannan ba ta tsallakawa zuwa wancan.

Zangon farko a wuyan mai sayarwa yake. Tsarin mayar da kuɗi na eBay ya ba mai saye kwana 30 daga ranar da kaya ya isa don ya kai ƙorafi, idan a lalace ya zo ko ya saɓa wa yadda aka siffanta shi, ko da kuwa mai sayarwa ya rubuta cewa ba ya karɓar kayan da aka mayar. Amma adireshin da eBay ya sani shi ne na siton can. Da zarar an sake ɗaukar kayan daga nan zuwa wani adireshi, kariyar ta faɗi. Mutum ya buɗe kwali a Kubwa bayan mako uku, ya ga fuskar kwamfuta a tsage, ya rubuta wa eBay, amsar da zai samu ke nan.

Mataki na biyu: a buɗe kaya tun yana sito

Don haka ka nemi ejanka ya buɗe kwalin ranar da ya shigo, ya ɗauki hoton waje da ciki, ya kunna abin in na kunnawa ne, ya turo maka. Ko da ɗan abin da za ka biya a kai, biya. Ejan da ya ce ba ya da lokacin wannan, a ganina bai cancanci riƙe maka kayan dala ɗari biyar ba. In an ga matsala a nan, sai ka shigar da ƙorafi a eBay nan take. Mai sayarwa yana da kwana uku na aiki ya amsa, in ya yi shiru ko kuka kasa daidaitawa, ka nemi eBay ya shiga tsakani. Kuɗin mayar da kayan da ya iso a lalace ma a kansa yake.

Tun ranar da ka ci gwanjon, adana hotunan tallan da duk bayanin da aka rubuta, domin ba dawwama suke yi a shafin ba. Ka kuma karanta da kyau: abin da aka rubuta cewa ba ya aiki, na cire kayan gyara ne, ba ka da bakin kuka a kansa.

Mataki na uku: sayi inshora ta gaskiya

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Alhakin da doka ta ɗora wa mai jigila daban, inshora daban. A jigilar jirgin sama tsakanin ƙasashe, Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke ciki, da nauyi take auna diyya, ba da tsadar kaya ba. Tun ƙarshen Disamban 2024 iyakar ita ce SDR 26 (ma'aunin kuɗi ne na asusun IMF) a kowane kilo, wato kusan dala 35. Kwamfuta mai kilo biyu da ka saya dala 600, in ta kwankwatse ba tare da ka bayyana darajarta ka biya ƙarin kuɗi ba, abin da ke gabanka bai wuce kamar dala 70 ba. A cikin Amurka kuwa, a wajen masu kai saƙo irin su USPS da UPS da FedEx galibi dala 100 ce kariyar da ke zuwa tare da kuɗin aike, abin da ya haura sai an saya.

Idan ejan ya ce maka "akwai inshora a ciki, Alhaji, kada ka damu", kada ka tsaya nan. Ya rubuto maka: ɓata kaɗai take biya ko har da fashewa da jiƙewa? Tana karɓar kayan hannu da masu gilashi, ko an cire su? Har ina take raka kaya, filin jirgi ko ofishinsa na Abuja? Wane kamfani ne ke bayanta? In na gida ne, duba sunansa cikin waɗanda hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ba lasisi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba ta fuskar addini, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, ya je ya tambayi abin da suke da shi na jigilar kaya.

Sai batun rage farashi a takarda don a sauƙaƙa kuɗin kwastan. Baya ga cewa laifi ne, kanka ka cuta: abin da ka rubuta dala 80, dala 80 za a duba ranar biyan diyya.

Masu kawo mota ko inji ta ruwa su lura da harafin sharuɗɗan da ke kan takardar inshorarsu. Sharuɗɗan A sun fi faɗi. Na C ba su wuce manyan haɗurra irin gobara, nutsewa ko karon jirgi ba. Dukkansu kuma ba sa biyan ɓarnar da rashin ɗauri mai kyau ya jawo.

Mataki na huɗu: ranar karɓa

Kada ka sa hannu kana waya. Juya kwalin ta kowane gefe a gaban mai miƙo maka. Kusurwa ta lotsa? Akwai tabon ruwa a ƙasa? Salatif kala biyu ne, alamar an buɗe an sake liƙewa? Girgiza shi a hankali ka ji ko wani abu na kaɗawa. Duk abin da ka gani, rubuta shi a takardar karɓa kusa da sa hannunka, ka ɗauki hotonta. Sa hannu haka kawai tamkar shaida ce cewa lafiya ka karɓa.

Sannan ka ba yaron shago wayarka ya ɗauki bidiyo ba tare da yankewa ba: ya fara da takardar da ke liƙe mai ɗauke da lambar bin sawu, sai wuƙa tana yanka salatif, sai abin da aka cusa a ciki, sai kayan kansa da lambarsa ta jiki, har zuwa kunnawa. In ka ga ɓarna, tsaya. Kada ka kai wa mai gyara ya taɓa, kada ka jefar da kwali ko soson ciki, domin mai bincike na iya cewa a kawo su.

Mataki na biyar: shigar da buƙatar diyya

A rubuce, kuma a ranar. Kiran waya ba ya zama hujja. A dokar jigilar sama kwana 14 ne daga karɓar kaya. DHL Express kwana 30 yake bayarwa, amma yana ƙirgawa ne daga ranar da ya karɓi kayan a can, ba ranar da ya miƙa maka ba. Ejanka na iya samun nasa wa'adin da ya fi waɗannan gajarta. Haɗa rasit na gwanjon, shaidar biya, takardar jigila, hotunan sito, bidiyonka, da rubutaccen kiyasin gyara daga shagon da ke da rasit. Faɗi adadin da kake nema ƙarara. Sau da yawa wanda sunansa ke kan takarda a matsayin mai aikowa shi kamfani ke saurara, to sai ka tsaya a kan ejan ya shigar, ya ba ka lambar ƙorafin. In kamfanin inshora na gida ya yi ta ja maka rai, NAICOM na karɓar koke. In mai jigila ne, akwai hukumar kare masu saye ta FCCPC, duka nan Abuja.

Idan kai ne mai sayarwa

Kai ne inshorar take karewa, domin kai za ka mayar wa mai saye kuɗinsa, sannan ka bi kamfani. Ɗauki hoton kayan yana aiki, da yadda ka naɗe shi, da kwalin bayan rufewa. Abu mai fashewa a sa shi kwali biyu, a cike tsakani har ya daina motsi. A eBay, cinikin da ya kai dala 750 sai an tura shi da sharaɗin mai karɓa ya sa hannu kafin kariyar mai sayarwa ta yi aiki.

Kayan da za ka aika Jos ko Kano kuwa, ba wa direba a tashar Jabi ko Utako ya fi sauri da araha, amma amana ce kawai, babu takardar da za ta biya ka. Caja da murfin waya su bi direba. Abin da ba za ka iya jure asararsa ba, kai shi kamfanin jigila mai rajista, ka sa a rubuta ainihin darajarsa a rasit, ka tura wa mai saye hoton kwalin kafin ya tashi, tare da roƙon ya ɗauki bidiyo lokacin buɗewa.