Yadda ake canja bel ɗin da ya tsinke a injin jera sandunan wasan bolin

A wasan bolin ana gangara ƙwallo a kan dogon layi don a zubar da sanduna 10. Injin nan yana ƙarshen layin, shi ke share sandunan da ƙwallo ta zubar ya sake jera 10 ɗin. Idan motar lantarkin injin tana ƙugi amma sanduna ba sa hawa sama, fara duba bel.

1. Kashe injin, zare wayarsa daga soket, ka sa kwaɗo a makunnin. Kashewa kawai ba ta isa ba, domin wani zai iya kunna layin daga kantar ma'aikata alhali hannunka na ciki. Tare layin kuma, kada a jefo ƙwallo.

2. Ciro tsohon bel, karanta lambar jikinsa. Na injin kamfanin AMF da na kamfanin Brunswick ba ɗaya ba ne, kada ka saya da ka.

3. Juya fuli, wato gargaren da bel ke hawa kai, da hannu. In ya cije, nemo dalili tukuna: sau da yawa sanda ce ta maƙale a gicciye. Ba ka cire ta ba, sabon bel ɗin ma tsinkewa zai yi.

4. Sassauta notunan mota da sifana, saka bel cikin kwarin fuli. Ban da ɓanɓara da sukundireba, yana yanka zaren ciki.

5. Ɗaure notunan yadda bel zai ɗan lotsa kaɗan in ka danna da yatsa.

6. Mayar da murfi, fito, kunna, ka bari ya yi jeri biyu ko uku kana saurare.