In an ce tarin fukarka ba ya jin magani

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a nan Maraɗi, kuma ga abin da nake gaya wa duk wanda ya zauna gabana da wannan ciwo.

Farko, kada ka haɗiyi ƙwaya ko ɗaya kafin a auna kakinka. Tari ya kai sati 2, ga zufar dare, ga rama, to ka tafi likita. Kakin ƙirji ake so, wanda ake kakarowa da safe, miyau ba ya aiki. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2010, tana nuna cikin kamar awa 2 ko tarin fuka ne, da kuma ko ƙwayar cutar ta daina jin rifampisin, babban maganin tarin fuka. In ta ƙi rifampisin da isoniyazid, wani babban maganin, duka biyun, maganin da aka saba bayarwa na wata 6 ba zai warkar da kai ba, sai an canja maka wani. Magani kyauta ne a hannun gwamnati. Na mai talla a kan tire, ko wanda aka ɗauko daga Jibiya, ka bar masa abinsa.

A da allura ake sha wata da watanni, har wasu su kurumce. Tun 2022 Hukumar ta ba da shawarar haɗin ƙwayoyi huɗu na wata 6, ba allura: bedakilin, piretomanid, linezolid da moksifuloksasin. Lokotoro ne zai duba wanda ya dace da kai, don akwai waɗanda ake ba haɗi mai tsawo.

Inda nake shan wahala da mutane, wata na biyu ne. Tari ya lafa, abinci ya fara shiga, sai Malam ya ce ya warke, ya ɗaure kaya zai tafi ci-rani. Ƙwayar cutar tana nan da ranta. Raunanan ne suka mutu, masu taurin kai suka rage, kuma su zai kai wa iyalinsa. Mutumin da bai taɓa shan magani ba ma yana iya kamuwa da mai taurin kan nan kai tsaye daga numfashin wani. Don haka ka samu mutum ɗaya, matarka ko ƙanenka, da zai ga ka haɗiye kullum, bayan ka ci abinci. In tafiya ta zama dole, ka zo mu shirya tun kafin ka hau mota.

Maganin yana da nasa ciwo, ba na ɓoyewa. In tafin ƙafa ya fara zafi ko ya mutu, ko ido ya dushe, ko gajiya ta yi yawa, linezolid ne ake fara zargi. Bedakilin kuma shi ya sa ake auna bugun zuciya. Ka zo ka faɗa a ranar, akwai gyaran da ake yi. Kada ka tsaida da kanka.

A gida kuwa, raba kwano da cokali ba ya hana komi, cutar ta iska take bi. Ka buɗe taga, ka yi zamanka a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa, ka rufe baki in za ka yi tari, ka kwana ɗaki daban har awon kaki ya nuna ka daina yaɗawa. Duk wanda kuke kwana gida ɗaya a kawo shi a duba, a fara da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mai ɗauke da sida.