Yadda ake magana da mai ƙarancin ji a cikin hayaniya

Abin da na fi gani wajen yaran shago a Kantin Kwari da Sabon Gari shi ne da zarar dattijo ya ce "na'am? me ka ce?" sai yaro ya buɗe maƙogwaro ya maimaita maganar nan dai da ƙarfi kamar ana faɗa. To ba haka ake yi ba.

Da farko ka bari ya san da shi kake. Ka shigo gabansa ko ka ɗan taɓa hannunsa, kar ka jefo magana daga bayansa. Haske ya zama a fuskarka yake, domin yana haɗawa da kallon leɓenka ko da bai sani ba, saboda haka in ka tsaya a bakin ƙofa rana na bayanka ka cuce shi. Goro ko cingam a baki kuwa haramun ne a wajena.

Sai wuri. In janareta na aiki ko injin markaɗe ko lasifikar biki, ku matsa, taku biyar ma yana taimakawa, in kuwa janaretan naka ne kashe shi na minti biyu, ai ka ma rage shan mai. A adaidaita sahu kar ma ka fara, bari ku sauka.

Yanzu ga inda kowa ke faɗuwa, wato murya. Mutum in ya shiga hayaniya muryarsa na tashi da kanta ba tare da ya yi niyya ba, wani likitan kunne ɗan Faransa mai suna Lombard ya bayyana haka tun 1911. Ɗagawa kaɗan ba laifi. Amma yawancin waɗanda tsufa ko ƙarar inji ya ci musu kunne, siraran sautuka irin su s da sh da f su ne ke fara ɓace musu, shi kuma ihu wasula yake kumburawa, sai ya ji ƙara sosai amma bai gane kalmar ba, wani ma har kunnen ya yi masa zafi, ga fuskarka ta murtuke ya ɗauka tsawa kake masa. Abin yi shi ne ka rage gudu, ka fitar da ƙarshen kowace kalma, ka ɗan tsaya tsakanin jimla da jimla, amma ban ce ka ja magana kamar mai koyar da ɗan yaye ba fa. Ka fara faɗin kan zancen: "Baba, maganar kuɗin haya ce." In ka faɗa sau biyu bai kama ba, canza kalmomin, "Alhaji ya yi tafiya" ta koma "Alhaji ba ya gari." Kuma don Allah banda "bar shi kawai, ba komai", wannan ta fi ihun ciwo.

Kuɗi da lokaci da lambar waya rubuta su a waya ka nuna masa, sittin da saba'in da tamanin duk ƙarshensu ɗaya. In taro ne a yi magana ɗaya bayan ɗaya. Mai na'urar ji ma haka za ka bi da shi, don na'urar har hayaniyar take ƙarawa. In kuma kwanan nan abin ya fara masa, a kai shi sashen kunne a asibitin Malam Aminu Kano a duba, wani lokacin dattin kunne ne kawai ya toshe.