Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar launin harshen wuta

Mutane da yawa sun ɗauka launin wuta ma'aunin zafi ne kawai: ja ce ƙarama, rawaya na binta, shuɗiya kuma ta fi kowace. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta cakuɗa abubuwa biyu da ba hanyarsu ɗaya ba.

Ƙarfen da maƙeri ya sa a wuta yakan fara da ja, ya koma ruwan lemo, ya yi fari gwargwadon zafin da ya sha. Haka rawayar kyandir take: ƙananan ƙwayoyin gawayi ne da ba su gama ci ba, suna haske saboda zafin da ya kai kimanin digiri 1,000 a ma'aunin Celsius. Shuɗin murhun gas kuwa asalinsa daban. Idan gas ya sami isasshiyar iska, ƙwayoyin nan ba sa taruwa, sai gutsattsarin sinadaran kabon da haidurojin su fitar da nasu hasken, wanda shuɗi ne. Wutar gas ta fi zafi, tana kaiwa wajen digiri 1,900, amma ba zafin ne ya rina ta ba. Kafin zafi shi kaɗai ya mayar da abu shuɗi sai ya haura digiri 10,000, kamar a wasu taurari. An ma kunna kyandir a tashar sararin samaniya, harshensa ya dunƙule ya yi shuɗi, alhali bai kai na doron ƙasa zafi ba.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne raina rawayar wuta a murhun gas. Ɗan walƙiyar rawaya da ke zuwa ta wuce ba komai ba ce, galibi ƙura ce ko ɗigon ruwan gishiri. Amma idan harshen ya daɗe yana rawaya, yana rangaji, gindin tukunya na yin baƙi, to iska ba ta isa. Irin wannan ci yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa. A kashe murhun, a buɗe taga, a goge ramukan kan murhun bayan ya huce. In rawayar ta ƙi tafiya, a kira mai gyara.

Akwai kuma masu ganin koriyar wuta su tsaya sha'awa. Wasu sinadarai suna da launin da suke bayarwa in an sa su a wuta: sodiyam na cikin gishiri rawaya, tagulla kore mai sirkin shuɗi, fotasiyam shunayya, sitirontiyam ja. Da su ake rina tartsatsin wasan wuta. Ta hanyar nazarin irin waɗannan launuka ne ma masana kimiyya Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff na Jamus suka gano sinadarin sisiyam a 1860, da rubidiyam a 1861. To amma kore a cikin wutar shara ko ta katako gargaɗi ne, don sau da yawa wayar lantarki ce ke ci, ko katakon da aka jiƙa da maganin gara mai tagulla, wani ma har da gubar asenik. Kada a dafa abinci a kai, kada a shaƙi hayaƙin.

Na ƙarshe, rashin ganin harshe ba ya nufin wuta ta mutu. Sinadarin metanol, wani mai da ake zubawa a wasu ƙananan murhu, da iskar haidurojin ba sa yin baƙin da zai haska, don haka da rana kusan ba a ganin wutarsu. Kafin a ƙara metanol a murhu, a rufe bakin murhun da murfi, a jira ya huce sarai.